Tudun yashi ɗaya, ruwa iri biyu: abin da na gani a bakin Kogin Weser

Duk wanda zai auna yadda ruwa ke bi ta kan tudun yashi na ƙarƙashin ruwa a inda kogi ke shiga teku, kada ya yarda da zanen da ke cikin littattafan karatu. Zanen nan da kowa ya sani, na tudu mai miƙaƙƙen gangare da ruwa yana juyawa a bayansa, daga kwatamin gwaji aka samo shi, inda ruwa ke tafiya gefe guda. A inda kogi ke haɗuwa da teku lamarin daban ne, kuma sai da na ɓata watanni kafin na gane haka.

Na yi aikina ne a Kogin Weser na Jamus, tsakanin Bremen da Bremerhaven, inda kogin ke shiga Tekun Arewa. Ruwan wurin yana hawa da sauka kusan mita 4, kuma zagaye ɗaya na cikowa da janyewa yana ɗaukar awa 12 da minti 25. A ƙarƙashin hanyar jiragen ruwa akwai tuddan yashi jere da juna, tsayin yawancinsu mita ɗaya zuwa biyu, tsawonsu gomman mita.

Ni da na taso ina ganin tuddan rairayi na Yusufari, na je da hotonsu a raina. Iska na tura rairayi ya hau a hankali, sannan ya zube ta baya a gangaren da ya wuce digiri 30. Da na'urar auna zurfi ta zana mana ƙasan kogin, sai na ga gangaren yawancin tuddan bai kai digiri 20 ba, wasu ma ba su kai 10 ba. Kwance suke.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni mamaki ba. Tuddan da na auna suna fuskantar teku, wato gefensu mai tsini yana wajen da ruwa ke nufa idan yana janyewa. Lokacin janyewa, ruwa yakan hau doguwar fuskar, ya kai ƙololuwa, ya faɗa ta gefe mai tsinin. Nan yake hargitsewa, gudunsa ya ragu, wani lokaci ya rabu da ƙasa ya juya baya, har ka ga saman kogi yana ɓulɓulowa. Bayan 'yan awoyi teku ta juyo. Tudun bai sake siffa ba, domin babban tudu ba ya iya juyawa cikin awa shida, ƙololuwarsa kawai ke ɗan karkata. Yanzu ruwa yana hawa ta gefe mai tsini yana sauka ta kwantaccen gefe, lafiya lau, ba rabuwa ba juyawa. Tudu ɗaya ne, amma turjiyar da yake yi wa ruwa lokacin janyewa ta fi ta lokacin cikowa nesa ba kusa ba.

Abin da ya ci min watanni ke nan. Fitarmu ta farko ta dace da janyewa, da ita na fitar da adadin turjiyar ƙasa, na sa shi a lissafin kwamfuta. Lissafin ya yi daidai da janyewa, da an zo cikowa kuwa sai ya kauce. Na duba na'ura, na duba agogo, na duba gishirin ruwa. Duk lafiya suke. Adadi ɗaya ne ba zai wakilci ruwa biyu ba. Har yau raina yana sosuwa idan na tuna yadda amsar take a fili cikin taswirar farko da muka zana.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Na'urar ADCP, wadda ke auna gudun ruwa da amon sauti daga jikin jirgi, makauniya ce a kusa da ƙasa. Wadda amon sautin da take aikawa ya karkata digiri 20 takan rasa kusan kashi 6 cikin 100 na zurfin daga ƙasa. A zurfin mita 12, kusan santimita 70 ke nan, daidai inda juyawar ruwan take ɓoye a bayan tudu. Don haka rashin ganin juyawa a bayananka ba ya nufin babu ita.

Shawarata, ɗan'uwa, ka nemi jirgi na awa 13 cur ko da tsada, ka zauna kan layi ɗaya har ruwa ya ciko ya janye. Ka maimaita a lokacin sabon wata ko cikarsa da ruwa ke da ƙarfi, ka kuma maimaita a mako mai rauni. Ka lura da ɗan lokacin da ruwa ke tsayawa cik kafin ya juya, domin laka na iya kwanciya a kwarin tuddan ta ruɗi na'urar auna zurfi. Kuma kafin ka taɓa kwamfuta, ka duba inda tuddanka suka fuskanta, ka ware lissafin janyewa daban, na cikowa daban.