Bashin da ban taɓa ƙirgawa ba

Ina cikin adaidaita sahu da la'asar, na taso daga Sabon Gari zan nufi gida, sai wayata ta yi ƙara. Yayan maiɗakina ne. Bayan mun gaisa ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Malam, wani saƙo ne ya shigo mini da sunanka da hotonka. Wai ka ci bashi ka gudu, duk wanda ya san ka ya ja maka kunne. Lafiya kuwa?" Na ce masa 'yan damfara ne, ya share kawai. Ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Daga yadda ya ja wannan "Allah Ya kyauta" ɗin na gane bai yarda ba. Kafin in isa gida na fahimci ba shi kaɗai aka tura wa ba. Limamin masallacinmu ya samu, shugabana a wurin aiki ya samu, surukata ma ta samu.

Naira 30,000 ce ta jawo mini wannan tonon silili, a ƙarshen shekarar 2023. Sai dai in na ce daga nan matsalar ta faro na yi muku ƙarya, ƙannena. Ta faro ne tun 2019, shekarar da na yi aure.

Lefen da na haɗa ya fi ƙarfina, kuma na san ya fi ƙarfina tun ina tsaye a Kantin Kwari ana yanka mini atamfofi. Ba amarya ce ta nema ba, ba iyayenta ba ne. Tsoron "kar a ce" ne kawai. Da kuɗi suka ƙare na je wurin Yayana na karɓi 200,000, na ce bayan biki zan dawo masa da su. Bayan biki sai ciki, bayan ciki sai suna. A sunan ma ban tsaya a rago ɗaya da hakika ke buƙata ba, sai da na kafa rumfa, na ɗauko hayar kujeru, aka dafa abinci kamar gidan mai unguwa. Mutane suka ci suka yi addu'a suka watse, aka bar ni da tukwane da lissafi.

Daga nan na koyi wata kalma mai zaƙi, wato "rubuta". Akwai mai shago a bakin layinmu, mutumin kirki. Sukari ya ƙare, a aika: "Wai a ba da sukari da madara, a rubuta." Omo, taliya, man gyaɗa, katin waya, duk a rubuta. Ranar albashi in je in ba shi wani abu, in ce saura sai wani watan. Ban taɓa cewa ya buɗe littafin in ga jimilla ba. Ba mantuwa ba ce. Ba na son in gani ne.

Haka muke lallaɓawa har 2023 ta shigo da ƙarancin takardun naira, mutum na da kuɗi a banki amma sai ya biya mai POS kafin ya taɓa su. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya ninka, kwanon masara da na shinkafa suka bi bayansa, albashina kuwa yana nan a 120,000 bai motsa ba. Kowa ya ji a jikinsa, ban musa ba. Amma iska tana wahalar da mai kayan kara ne, ni kuwa kara nake ɗauke da shi tun kafin iskar ta taso.

A wannan hali ne wani abokin aiki ya nuna mini manhajar rance a waya. Ba jingina, ba mai tsaya maka, minti goma kuɗi sun shigo. Ga yadda abin yake, don kada wani ya ruɗe ku. Kafin su ba ka sisi sai ka amince manhajar ta ga lambobin da ke wayarka, kai kuwa kana cikin matsi, dannawa kawai za ka yi. Ka nemi 30,000, a cire wani abu tun daga sama da sunan kuɗin hidima, a ba ka mako biyu ka dawo da abin da ya kusa 40,000. In ka makara, kowace rana ana ƙara maka. Albashi kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata. Da wa'adi ya cika ba ni da shi, sai na sauke wata manhajar na ranto na biya ta farko, sannan na koma ta farkon na sake ranta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, take farautar irin waɗannan kamfanoni saboda tozarta mutane, amma hukuma ba za ta goge saƙon da ya riga ya shiga wayar surukarka ba. Kuma na san kuɗin ruwa ne, na san hukuncinsa tun ina makarantar allo. Na rufe ido ne na ce lalura ce, alhali rabin kuɗin farko shadda na saya da su don bikin wani aboki.

A daren da saƙon ya yaɗu na shiga gida ina jiran faɗa. Maiɗakina ba ta ce komai ba har aka yi isha'i, yara suka yi barci. Sai ta ɗauko wani littafin rubutu da biro ta ajiye a gabana a kan tabarma.

"Abban yara, nawa ne?"

Na ce, "Ai ba su da yawa."

Ta ce, "Ban tambaye ka yawa ko kaɗan ba. Nawa ne?"

Na buɗe baki na rasa amsa. Shekara huɗu ina kwana ina tashi da bashi, amma ban san nawa ake bina ba. A zuciyata ina ƙiyasta kamar 300,000. Muka fara rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Manhajoji biyu, 95,000. Yaya, 200,000. Ragowar kuɗin haya, 90,000. Abokin aiki, 40,000. Mai yadi, 27,000. Na mai shago sai da gari ya waye na je na tambayo, 68,000, na kusa zama a ƙasa. Da na ce shi ke nan, sai ta ce, "Adashen fa?" Na ce adashe ai ba bashi ba ne, tari ne. Ta ce, "Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?" Na riga na yi ɗaukar farko, saura zubi shida na 20,000 a kaina. Ku riƙe wannan da kyau: wanda ya ɗauka a ƙarshe shi ya yi tari, wanda ya ɗauka a farko bashin sauran 'yan adashen ya ci. Aka haɗa, 640,000. Albashin wata biyar da ɗoriya, ko da ba za mu ci ba mu sha ba.

Abin mamaki, a daren da muka gama lissafin na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Adadin ya ninka abin da nake zato, amma yanzu yana da iyaka, yana kan takarda, kuma mu biyu muka san shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, ƙarami ne ko babba, da wa'adinsa da shaidu. Na sha karanta ta a tilawa, ban taɓa ɗauka da ni take ba.

Kada ku ɓoye wa matanku. Na ɗauka rufin asiri nake yi, ashe hana ta taimaka mini nake yi. Tana ganin ana kawo kaya daga shago ta ɗauka akwai, tana girki daidai da abin da take gani. Da ta san gaskiya, cikin wata ɗaya ta rage cefane fiye da yadda zan iya, don ita ta san inda ake ɓarna. Ita ta nuna mini cewa sayen ƙulli-ƙulli na kullum, gishirin 50, barkonon 100, man 300, ya fi sayen kwano ko kwalba tsada in aka tara. Ita ta ce a ajiye gas don shayin safe, wake da tuwo a koma gawayi.

Wanda muka fara kashewa shi ne bashin da ke girma yana barci. Tana da kuɗin da ta tara na zoɓo da kunun aya da take sayarwa, ta haɗa da na wani ɗan kunne da ta sayar, ta miƙo mini 95,000. Na miƙa hannu ina godiya, ta riƙe kuɗin ta ce, "Rubuta tukuna. Rance ne." Na rubuta sunanta a ƙasan shafin. A ranar na biya manhajojin na goge su. Janaretana da ya yi watanni a rufe saboda tsadar mai na sayar da shi 70,000 na kai wa maigidan haya.

Sauran kuma ƙafa na taka na je wurin kowa. Wannan ya fi biyan kuɗin wuya. Na jima ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta gaban shago. Da na je na zauna a kan benci na yi wa mai shago bayani, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ina hango ka kana bin lungu. Gudun da kake yi ya fi kuɗin yi mini ciwo." Muka yi magana a kan 10,000 duk wata, kuma daga ranar duk abin da za mu saya kuɗi hannu ne. Mai bin ka bashi yakan jure jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne ka daina ɗaga wayarsa. Ka je da kanka, ka faɗi abin da za ka iya, ka faɗi ƙasa da abin da kake jin za ka iya, sannan kada ka saɓa ko sau ɗaya. Yaya ya ce in bar nasa sai na huta da sauran, na gode masa, amma na sa ranar da zan fara.

Kuskuren da na fi jin haushinsa shi ne lissafin wata-wata. Kowace shekara kuɗin haya na zuwa, kuɗin makaranta sau uku, azumi sau ɗaya, salla sau biyu, amma kowanne ya zo sai in yi kamar gobara ce ta tashi. Wace gaggawa ce a abin da ka san ranarsa tun bara? Yanzu hayar 240,000 ba ta shekara ba ce a wurina, 20,000 ce duk wata, ana ware ta ranar da albashi ya shigo, a wani asusun da ba ni da katinsa a aljihu. Kayan sallar yara tun kafin azumi ake saye, kafin teloli su fara jan rai. Da kaka, in an samu sarari, nakan je Dawanau in sayi masara da gero da wake ko da rabin buhu ne, don a damina ne hatsi ya fi yin tsada a mafi yawan shekaru.

Babbar Sallar 2024 ban yi layya ba. Na tambayi limaminmu, shi da ya riga ya ga hotona a waya, ya ce layya sunna ce a kan mai hali, wanda ake bi bashi ya fara da bashin. Na yi zaton unguwa za ta ɗauka. Maƙwabta suka aiko da nama, yara suka ci suka ƙoshi, ba wanda ya ce uffan. Shekara biyar ina ciyo bashi don bakin mutanen da, ashe, kowa hidimar gabansa yake yi.

Zumunci ma sai da muka yi masa iyaka, kuma nan ne na sha surutu. Gudummawar biki, anko, ɗan uwa ya bugo ya ce a taimaka. Muka ware 5,000 a wata, in sun ƙare sun ƙare, sai haƙuri da addu'a. Rashin lafiya daban ne, wannan ba a yi masa ƙa'ida. Wata gwaggona ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata da kyau saboda anko. Ta huce. Na kuma fara koyar da yaran maƙwabta lissafi bayan magariba, abin da ya shigo daga nan bai taɓa shiga tukunya ba, littafi yake tafiya kai tsaye.

Sau biyu na yi tuntuɓe, wata ya yi nisa na kusa sake sauke manhaja, na je na nemi rancen albashi a wurin aiki maimakon haka, kuma na rubuta shi. Littafin yana nan a ƙarƙashin katifa, bangonsa ya yage. An soke mai yadi, an soke abokin aiki, an soke adashe. Ranar da na kai wa mai shago 8,000 na ƙarshe ya ba ni biro ya ce in ja layin da hannuna. Na Yaya ya ƙare kafin azumin da ya wuce. Suna ɗaya ya rage a ƙasan shafin, ya sauko daga 95,000 zuwa 35,000. Na taɓa gwada cewa ai tsakanin miji da mata ba a irin wannan lissafi. Ta ce ɗan kunnenta yana nan a kasuwar 'yan gwal yana jiran ta, kuma ya ƙara kuɗi.