Wasiƙa daga Landan: famfon da aka cire wa hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, yaya damina? Da fatan ruwa ya sauka lafiya.

Makon jiya na bi ta unguwar Soho a tsakiyar Landan, na tsaya gaban wani baƙin famfon tuƙa-tuƙa marar hannu. Ba na ainihin ba ne, kwaikwayonsa aka kafa don tunawa. Mutane na ta wucewa ba mai kallonsa, ni kuwa na kasa tafiya, don labarinsa ya tuna mini da abin da kan same mu duk damina.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wannan titi, wanda a lokacin ake kira Broad Street. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka rasu. Manyan likitoci da hukuma duk sun tafi a kan cewa wari ne ke kawo cutar, wato gurɓatacciyar iska. Ba za ka ga laifinsu sosai ba, unguwar tana ɗoyi, mutane kuma suna mutuwa.

Wani likita, John Snow, ruwa yake zargi. Amma zargi ba hujja ba ne, shi ma ya sani. Sai ya karɓi jerin mamatan, ya bi gida-gida yana tambaya: ina kuke ɗebo ruwan sha? Yawancin amsoshin famfon nan suka nuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya kan abin da ya yi masa daɗi ba. Ya je ya tono wuraren da za su iya ƙaryata shi. Akwai gidan gajiyayyu a kusa, mai mutum 535, amma biyar kawai suka mutu. Me ya sa, alhali iska ɗaya suke shaƙa da maƙwabta? Ashe suna da rijiyarsu. Ma'aikatan wani kamfanin yin giya a titin su ma cutar ta tsallake su, don ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata gwauruwa can Hampstead, nesa da unguwar da warinta, ita ma ta mutu. Da aka bincika, ashe ɗanɗanon ruwan Broad Street take so, kullum sai an kai mata shi a kwalba.

Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwa ta cire hannun famfon. Snow da kansa ya faɗa cewa cutar ta riga ta fara lafawa kafin nan, don jama'a da yawa sun gudu. Mutumin da ke neman suna ba zai faɗi haka ba.

Wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, bai yarda da batun ruwan ba. Ya shiga bincike da niyyar rushe maganar Snow, kuma ya fi shi sanin mutanen. Ƙarshenta shi ya gano mafarin: wata jaririya ce ta kamu, ana zuba ruwan wankin tsummanta a ramin masai, ramin kuma yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. Ya janye ra'ayinsa a fili.

To, ni a nan na fahimci abin da ake nufi da binciken kimiyya. Ba su ga ƙwayar cutar da ido ba. Sai bayan shekara 30 Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ita, Snow kuwa ya rasu tun 1858. Ƙafa suka sa, da tambaya, da ƙirga, da yarda cewa mai ja da kai yana iya gyara ka. Hukuma kuma, kamar ta ko'ina, ta mayar da hannun famfon da abin ya wuce.

Mu a gida idan annoba ta zo mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. Sai dai ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Daren ranar na kira ƙanena, na ce ya ɗauki igiya ya auna mini tsakanin rijiyar gidanmu da masan maƙwabta. Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, boko ya taɓa ka." Har yanzu ina jiran awon.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Wani ɗan uwa a Landan