Ƙafa uku, ƙafa huɗu, ƙafa biyar

Makon jiya na tsaya a unguwar Pantami da ke Gombe ina kallon wani dattijon magini yana fitar da harsashin ɗaki. Ya kafa turke, ya auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya da ƙafa 4 a kan ɗayar, sannan ya yi ta gyara igiyoyin har tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta cika ƙafa 5 cif. Da na ce, “Baba, me ya sa biyar?”, sai ya ce haka maigidansa ya koya masa.

Abin ya burge ni ƙwarai, domin ƙa'idar Fitagoras, wani masanin lissafi na tsohuwar Girka, ce yake aiki da ita don kusurwar ɗakin ta fita daidai. Idan aka ninka kowane gefe na alwatika da kansa, aka tarar jimillar ƙananan biyu ta yi daidai da ta gefe mafi tsawo, to kusurwar da ke fuskantar wannan dogon gefe digiri 90 ce. A nan 9 da 16 sun ba da 25. Haka ma 5, 12 da 13, tunda 25 da 144 sun zama 169. Amma 6, 8 da 11 ba su cika sharaɗin ba, saboda 100 bai kai 121 ba, wato kusurwar ta buɗe fiye da kima.