Abin da na fito da shi daga shagon tsofaffin zane-zane

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tunda abokai suna ta tambayar dalili, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Shagon yana Filadelfiya a Amurka. Ƙarami ne, ba ya sayar da komai sai tsofaffin zane-zanen bugu na masu zanen Amurka na ƙarni na 19: bugun tagulla, bugun dutse da bugun katako. Ba zan kama sunan shagon ko na mai shi ba.

Haƙƙinsa ɗaya zan fara ba shi: shi ya buɗe mini ido. A hannunsa na fahimci cewa mai zane yakan shafe farantin tagulla da kaki, ya yi zane da allura, asid ya ci inda allurar ta bi, tawada ta zauna cikin ramukan, sannan a danne takarda mai laima a kai. Duk dannawa ɗaya tana rage wa farantin kaifi. Saboda haka hoto ɗaya ne, faranti ɗaya ne, amma bugun farko da na can baya ba darajarsu ɗaya ba, kamar shayin tafasar farko da na ta uku. Duk sana'ar a kan wannan bambanci ta tsaya, kuma a kansa muka ɓata.

Akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, da ke tara zane-zane kaɗan-kaɗan daga kuɗin fanshonta. Burinta ta mallaki aikin James McNeill Whistler ko da guda ɗaya ne, cikin hotuna 16, galibinsu na bakin kogin Thames na Landan, da aka fitar a jere a 1871. Ta daɗe tana tara kuɗin. Sai maigida ya sayo ɗaya daga cikinsu, "Black Lion Wharf", a gwanjon kayan wani mamaci. Whistler ya zana shi tun 1859, farantin kuma ya yi ta yawo daga hannun wannan mai buga hoto zuwa wancan, ana ta bugawa shekara da shekaru. Wanda ya zo hannunmu na baya ne, ba sai an yi gardama ba. Siraran layukan rufin gidajen da ke tsallaken kogin sun dushe. Takardar ta yi fari fat, alamar an wanke ta da magani don a kashe tabon tsufa, an kuma danne ta har sawun gefen faranti ya kusa ɓacewa. Ga gefuna an datse.

Ya sa aka yi masa sabon firam, kwalin ciki ya rufe gefunan, ya ce in rubuta a katin bayani cewa bugun farko-farko ne, lafiya lau. Na ce: "Yallaɓai, ka duba rufin gidajen nan. Kai ka koya mini in fara dubawa daga nan." Ya ce ai Whistler da kansa yakan datse gefen takardunsa. Haka ne, yakan datse, amma daga lokacin hotunansa na birnin Venis na 1880 ya kama yin haka, kuma in ya datse yakan bar ɗan harshen takarda a ƙasa ya zana tambarinsa na malam-buɗe-littafi da fensir. Namu babu harshe, babu tambari. Wani ne kawai ya sa almakashi don ya yanke inda ya lalace. Ya san haka sarai, ya fi ni sani. Ya karɓe katin ya rubuta da hannunsa.

Da dattijuwar ta zo, ni ta tambaya, don ta saba da ni. Ta ce: "Ɗana, in kuɗinka ne za ka saya?" Na cire hoton daga firam na miƙa mata gilashin ƙara girma, na nuna mata abin da na gani. Na gaya mata aikin Whistler ne na gaske, ba jabu ba ne, amma kuɗin da aka sa masa na wani bugu ne daban. Ta yi godiya, ta tafi ba ta saya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ci mini rai. Bai kore ni ba, don yana bukatar idona. Mayar da ni ya yi ɗakin ƙasa ina yankan kwali da goge gilashi, ya cire mini kason da nake samu a ciniki, ya hana ni magana da masu saye. In kaya sun zo sai a sauko da su wurina in tantance, in rubuta bayani, bayanin kuma ya fito a kundin shago da sunansa. Ya gaya wa sauran ma'aikata wai ban san kasuwa ba, wai irinmu da muka zo daga nesa ba mu gane yadda ake ciniki a nan. Wannan maganar ta fi rage albashin zafi. Hoton kuwa an sayar wa wani baƙo mai wucewa, da katin nan a jikinsa.

Wasu cikin 'yan sana'ar sun ce mini na yi gaggawa, ai kowa yana ɗan ƙara gishiri. Ban yarda ba. Mai tara irin waɗannan hotuna ba kyau kaɗai yake saye ba, kusancin takardar da hannun mai zanen yake biya, kuma ba shi da hanyar sani sai abin da mai shago ya faɗa masa.

Ga wanda zai shiga wannan harka, kada ka sayi hoto yana cikin firam. In an ƙi cire maka, ka tafi. Zanen Winslow Homer da ke da rubutun jarida a bayansa ba laifi ba ne, daga mujalla irin Harper's Weekly aka yanko shi, a nan aka fara buga shi. Kada dai a sa maka kuɗin bugun tagullarsa irin "Eight Bells" na 1887. Hotunan Currier and Ives, kamfanin da ya rufe a 1907, an yi ta kwafarsu a kalanda; in ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere ƙarƙashin gilashi, kwafi ne, don na asali bugun dutse ne da aka shafa wa launi da hannu. Hotunan tsuntsaye na mai zane John James Audubon na asali, 435 da aka buga tsakanin 1827 da 1838, ɗaga takardar ga haske ka nemi sunan Whatman, kamfanin da ya yi takardar, a cikinta. Kada ka rataye komai inda rana ke bugawa. Kuma duk abin da mai shago ya faɗa da baki, ya rubuta maka a rasit.

In kuɗinka kaɗan ne, ka bar manyan sunaye tukuna. Nemi masu zanen da suka taso tare da ƙungiyar masu bugun tagulla ta New York da aka kafa a 1877, irin su Stephen Parrish da Mary Nimmo Moran. Ita Moran, wadda ta rasu a 1899, ta zana tafkuna da tuddan rairayin garin East Hampton na jihar New York da hannu mai ƙarfi, tana sa hannu da "M. Nimmo Moran". A ganina bugunta mai kyau ya fi gajiyayyen bugun Whistler daɗin kallo. Bugun Moran ɗin dattijuwar ta saya a ƙarshe, daga wani shagon, ni na nuna mata inda za ta je.

Na roƙi takardar shaidar aiki kafin in tafi, ya ce zai rubuta. Bai rubuta ba, ni ma na daina tambaya.