Asabar: yau na sa wa inbata fiyus da makunni

Tun da na mayar da bas ɗin nan ɗakin kwana, abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: jar wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, kai tsaye, ba fiyus, ba makunni. Na ɗaura ta ne da niyyar gwaji na kwana biyu, sai ga shi ta yi wata uku. Batiran kuwa a ƙarƙashin gado suke, daidai inda yara ke kwanciya. Jiya da dare na kasa barci saboda ita, yau da safe na kira ƙanena na ce ya zo ya riƙe mini fitila.

Kafin mu taɓa komai na zaunar da shi muka yi lissafi. Inbatar mai wat 2000 ce, batiran kuma na litiyam ne guda biyu masu bolt 12. Idan ta ɗauki cikakken kaya, ga asarar kusan kashi 10 cikin ɗari da take yi a matsayin zafi, za ta ja amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) 185 ko sama da haka, kuma ƙarfin batir na raguwa jan na ƙaruwa. Shi ya sa na ɗauki fiyus mai amfiya 250, kan waya mai kaurin murabba'in milimita 70. Ya ce, "Yaya, ai inbatar tana da kariyarta a ciki, me za a yi da wani fiyus?" Na ce masa ai ba don inbata nake sa shi ba, don waya ce. Ranar da robar wayar ta goge da ƙarfen mota har ta fashe, inbata ba za ta ma san an yi ba. Batir zai zuba dubban amfiya cikin wayar, ta yi jajur, katako da katifa su kama. Don haka fiyus ba ya wuce abin da waya za ta iya ɗauka, kuma wurinsa kusa da kan batir ne. Ƙa'idar masu haɗa lantarkin jiragen ruwa a Amurka, wadda masu irin motarmu suke ara, ta ce kar ya wuce inci 7, wato kusan santimita 18. Duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro.

Na daɗe ina juya zancen irin fiyus ɗin. Wutar batir ba irin ta gida ba ce. Ta gida tana kaiwa da komowa, tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, harshen wuta ya samu damar mutuwa. Ta batir hanya ɗaya take bi, fiyus na iya narkewa amma wutar ta tsallake giɓin ta ci gaba da ci. Irin da ake kira Class T an yi shi ya katse har amfiya 20,000, cikinsa cike da yashi mai shanye wutar. Ga litiyam, shi hankalina ya kwanta da shi.

Sai cirewa, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Na cire zobe da agogo, na naɗe sifana da salatif har sai da bakinta kawai ya rage. Na kashe duk abin da ke jone da inbata, sannan na kashe ita kanta. Na zare wayar wutar waje. Na kashe injin mota don kar cajin altaneta ya shigo. Na raba farantan sola da na'urar cajinsu kafin in taɓa batir, domin idan aka cire mata batir alhali rana na zuba mata wuta tana iya lalacewa. Daga nan na kwance baƙar waya, negatif, ita ce farko. Muddin tana haɗe da jikin mota, sifana ta taɓa fositif da ƙarfe a lokaci guda, shi ke nan. Na tura bakinta cikin tsohuwar safar hannu don kar ta dawo ta taɓa.

Nan ƙanena ya miƙa hannu zai kama kan inbatar, na riƙe shi. Na ɗora mita: bolt 12 da ɗoriya, alhali ba batir a jikinta. Kapasitocin da ke cikinta ne suke riƙe da caji. Na danna makunninta, fitilarta ta ɗan yi ƙyal ta mutu, lambar mita ta gangara a hankali har ƙasa. Ya yi shiru yana kallon mitar. Na ji daɗi da ya gani da idonsa, domin ko ni sai da na gani na yarda.

Yankan waya da matse kawunan tagulla bai ɗauki lokaci ba. Abin da na tsaya a kai shi ne jerin noti: kan waya ya kwanta kai tsaye kan fiyus, washa ta hau samansa. Idan washa ta shiga tsakani, duk amfiyan nan ta cikinta za su bi, wurin ya riƙa zafi. Bayan fiyus na ɗaura babban makunni mai ɗaukar amfiya 300, a inda hannu zai kai ko cikin duhu ba sai an ɗaga katifa ba.

Wajen mayarwa na tuna ranar farko, lokacin da na ɗora jar waya ta yi tas, tartsatsi ya bar ɗan rami baƙi a kan tagulla. Har yanzu yana nan. Kapasitoci marasa caji suna haɗiye wuta a ƙiftawar ido, irin wannan kuma yana cin cikin makunni. Yau sai na mayar da fositif, negatif a ƙarshe, makunni na kashe. Na gitta resista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 25 a kan ƙafafun makunnin biyu, wutar wajen rabin amfiya ta riƙa silalewa, muna kallon mita tana hawa har ta kai 13. Sannan na murɗa. Ko ƙyas ba mu ji ba.

Na jona butar lantarki mai wat 1500, na bar ta ta tafasa sau biyu, ina bin kowane noti da bayan yatsa. Ɗaya na gefen makunni ya ɗan yi ɗumi, na kashe komai na ƙara ɗaure shi, a gwaji na uku ya tsaya da sanyinsa. Na rufe fiyus da murfinsa, na rubuta jerin kashewa a takarda na manna a ƙofar akwatin batir, saboda ranar da ba na kusa.

Saura gajerun wayoyin da suka haɗa batiran biyu da juna. Su ma ba su da kariya, kuma idan ɗaya ya samu matsala ɗayan zai zuba masa wuta. Kowanne zai samu nasa fiyus a kansa. Ƙanena ya ce zai dawo ranar Litinin.