Injin casa na biyu da muka saya, da abin da filin shanya ya nuna mana

Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi kasuwar da ba mu taɓa gani ba a Kura ta jihar Kano, har dillalai suka riƙa ajiye kuɗinsu tun kafin a cashe kaya. Muka kasa cika alkawari, kuma duk wanda muka nemi shawararsa sai ya ce injinmu ne ya yi ƙanƙanta. A kan wannan magana muka zuba ribar kaka guda muka sayo injin casa na biyu, amma buhunan da ke fita daga ƙofarmu ba su ƙaru a zo a gani ba, ga albashin mai tuƙa shi ya hau kanmu, ga dillalai sun fara ƙorafin karyayya ta yi yawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Da abin ya ishe ni, sai na shafa wa wasu buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, jan fenti, na ɗauki littafi, na bi su tun daga hannun manoman Kadawa har zuwa ɗinkin bakin buhu, ina rubuta lokacin da ake aiki a kansu da lokacin da suke zaune suna jira. Jiƙo da turare a wurin matan da ke mana gumi babu abin cewa. Casa kuwa ba ta ɗaukar wani lokaci. Kusan duk jinkirin a shanya yake, domin tamfol ɗinmu kaɗan ne, kuma idan ya cika sai yara su baza sauran a gefen titi, inda tsakuwa da yashi ke shiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gano cewa sabon injin ne ya ƙara mana karyayya. Ganin injuna biyu a tsaye ya sa kowa gaggawa, sai a shimfiɗa turararriyar shanshera sirara a tsakiyar rana domin ta bushe da wuri, ƙwayar ta tsage a cikin ɓawonta, ta farfashe da zarar ta shiga inji. Wani lokacin kuma a kwashe ta da sauran danshi. Wato kuɗin da muka kashe don ƙara kaya shi ne ya riƙa rage darajar kayan.

Na sayo ƙaramar na'urar auna danshi, abin da bai yi wa dattijon da ke kula da shanya tun zamanin mahaifina daɗi ba. Ya ɗebi ƙwaya ya murje a tafin hannu, ya ciza da haƙori, ya ce, "Ɗana, wannan ta yi, waccan sai gobe." Na auna, sai ga ta farkon a kusan kashi 14 cikin ɗari, daidai inda ake so shanshera ta kai kafin casa. Na ce, "Baba, haƙorinka bai yi ƙarya ba, amma ranar da ka tafi ɗaurin aure wa zai ciza mana?" A nan muka daidaita, kuma shi ne ya dage a koma tsarin da gaggawa ta sa aka watsar, wato a shanya da hantsi, a tattara a rufe a inuwa ta huta, sannan a ƙarasa bushewar a hankali.

Sauran gyaran ba shi da wuya. Muka yi daɓen siminti, muka daina haɗa shinkafa irin Sipi da irin jamila a jiƙo ɗaya tunda ba sa shan ruwa daidai, kuma kowane tsibi ya samu kati mai ɗauke da ranar turare da awon danshi. Ba a kunna inji sai kati ya nuna kayan sun kai, ko da dillali yana tsaye yana kaɗa makullin mota. Duk wannan bai kai ko kusa da kuɗin injin ba.

Wanda zai faɗaɗa irin wannan sana'a, ya fara bin buhu ɗaya da ƙafarsa ya ga inda yake kwana, kuma ya tambayi ma'aikacin da ya fi daɗewa kafin ya tambayi mai sayar da inji. Har yau ina mamakin cewa cikin waɗanda suka ba mu shawarar saye babu wanda ya ce a zagaya da shi bayan gida ya ga inda muke shanya. Injin na biyu yanzu muna yi wa maƙwabta casa da shi a biya mu kan buhu, kuma har yanzu bai mayar da kuɗinsa ba.