Wata 11 a bakin wuta: kawo tsohuwar wuƙarka tukuna

Assalamu alaikum abokan koyo. An kwana biyu ban faɗa muku inda aka kwana ba, hidimar Babbar Sallah ce ta sha kaina. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera daga tsakiyar Zulƙida zuwa jajibere ya san yadda abin yake. Mutumin da ya shekara bai tuna da wuƙa ba, ranar da ya ɗaure rago a ƙofar gida yake tunawa, kuma so yake a miƙa masa nan take. Yanzu ƙura ta lafa, na buɗe littafin da nake rubuta aiki. Wata 11 ke nan ina zuwa wurin Baba, maigidana a wannan sana'a, kullum bayan la'asar idan na taso daga aiki, sai Asabar da nake wuni. Wuƙaƙen da na gama da hannuna tun daga ɗanyen ƙarfe har ƙota sun kai 23. Sabon abu shi ne, a wannan karon Baba ya bar ni in karɓi oda da bakina, in yi magana da mai aiki, in kuma sha kunyata ni kaɗai idan ta zo. Ta kuwa zo.

Na farko wani dattijo ne mai kilishi. Ya ce da ni, "Ɗan samari, wuƙa nake so mai ƙarfi, wadda ba ta gajiya." Na ce an gama, Alhaji. A kaina na riga na ga wuƙar. Na ɗauko guntun sifirin mota da muka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano, na buge shi, na bar bayanta da kauri milimita 5, na yi mata ƙotar marke da ƙusoshin tagulla uku. Wallahi ta yi kyau, har hoto na ɗauka. Kwana biyu ya dawo da ita a naɗe cikin takarda. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Wannan ai ta masu sara ce. Da na sa ta a nama sai ta riƙa tura shi gefe."

Baba yana zaune yana jan zugazugi, bai ɗago kai ba ya tambaye ni, "Ka ga tsohuwar wuƙarsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To da me ka yi aikin?"

Washegari Alhaji ya aiko yaro da ita. Da a hanya na tsince ta ba zan sunkuya ba. Siririya ce, bayanta bai wuce milimita 2 ba, wasawa ta cinye cikinta har ya lotsa, ƙotar kuma an naɗe ta da robar tayar keke. Amma da na riƙe ta sai na gane odar da aka ba ni. Mai kilishi buɗe tsoka yake yi falle-falle, tamkar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa ɗaya da za a shanya. Wuƙa mai kauri ba ta shiga wannan aikin. Ƙarfin da yake nufi a baki yake, kaifin da zai kai shi azahar bai koma kan dutse ba. Ni kuma na ji "ƙarfi" na tafi nauyi. Har lotsawar nan magana ce: ta nuna min da tsakiyar wuƙar yake aiki, tsinin bai dame shi ba.

Na sake daga farko, kuma bari in tsaya a nan don na san wasunku na fama da irin wannan. Na bar sifirin na ɗauki tsohon magagari. Dalili shi ne sinadarin kabon. Yawancin sifirin mota kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 ne cikin ɗari, shi ya sa yake jure duka, ya dace da adda da wuƙar sara. Magagari na kirki yana kai kashi 1 ko sama, ya fi riƙe kaifi amma ya fi saurin karyewa. Ku kula, akwai magagarin zamani da fatarsa kaɗai aka taurara, cikinsa ƙarfen banza ne. Ni yanzu sai na gasa ɗan bakinsa ja, na tsoma a ruwa, na buga da guduma. In ya ɓalle kamar kwalba na ci gaba, in ya lanƙwashe na ajiye shi.

Na gasa shi na binne a toka ya kwana don ya yi laushi, na goge haƙoran tas, domin duk haƙorin da aka bari nan tsaga take somawa. Na buge shi ya yi siriri. Wajen taurarawa na farko ya karkace kamar ayaba. Laifina ne, gaggawa na yi. Na biyu sai na gasa shi sau uku ina barinsa ya huce a iska kafin tsomawa, na kuma bar bakin da ɗan kauri, ban wasa shi har ƙarshe ba. Ina gwada zafi da mayen ƙarfe: a wajen digiri 770 ƙarfe yake daina kama shi, sai in ƙara ɗan zafi kaɗan in tsoma a tsaye, ba a kwance ba. A man gyaɗa mai ɗumi nake tsomawa. Baƙin mai ya fi araha, amma hayaƙinsa guba ne, kuma wuƙar abinci nake yi. Ruwa kuwa ya fasa min wuƙa 3 a watannin baya, mun raba gari.

Saura sassautawa, wato rage mata tauri da ɗan zafi, don in ka bar ta haka ko faɗuwa ta yi sai ta tsage. Baba da ido yake yi: ya goge ƙarfen ya yi fari, ya ɗora bayan wuƙar a kan garwashi yana kallon launi na tafiya zuwa baki, da ya zama ruwan busasshen kara sai ya janye. In ya kai shuɗi, wato wajen digiri 300, bakin ya yi laushi da yawa ga irin wannan wuƙa. Ni idona bai kai nan ba, musamman da rana tsaka. Abin gashin burodin uwargida na aro, digiri 200, awa ɗaya sau biyu. Ta ce kicin ɗinta ya kwana yana ƙaurin mai, kuma na ƙarshe ke nan. Za mu sasanta.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo da oda tambaya biyu nake yi kafin maganar kuɗi: me za ka yanka, kuma ina tsohuwar? Sannan in zana a kwali, in yanke, in ba shi ya riƙe. Gyaran kwali almakashi ne, gyaran ƙarfe buhun gawayi, kuma gawayin ƙirya da Baba ya nace a kansa ba arha yake ba.

Akwai kuma masu zuwa da hoto a waya. Wani matashi ya nuna min wuƙa a Facebook, jikinta duk zane kamar igiyar ruwa, ya ce, "Mutumina, irin wannan sak, kafin Sallah." Ita ce ake kira ƙarfen Dimashƙa. Na asali da aka yi takubba da shi a da, a Indiya ake narka shi. Wanda ake gani yau kuwa ƙarfe iri biyu ne ake jerawa, ɗaya mai sinadarin nikel, a haɗe su da wuta, a ninka, a sake ninkawa, a ƙarshe a tsoma a ruwan asid, ɗaya ya yi duhu ɗaya ya tsaya da haske. Na taɓa gwada haɗa falle 5 kacal, da na goge sai ga su suna buɗe baki kamar littafi. Na ce da shi ban iya ba. Ya ce ai wani ya ce zai yi masa da araha. Na ce mai yiwuwa zanen za a ɗora a sama, irin wanda yake gogewa, amma kuɗinsa ne. Bayan ya tafi na ji zafin kuɗin da suka wuce ni. Baba dai abin da ya ce kawai shi ne zane ba ya yanka rago. Ni kam har yanzu ina son in iya, ba zan ɓoye muku ba.

Wadda na fi jin daɗin aikinta wata Hajiya ce mai girkin biki. Sharuɗɗanta uku: kada ta yi tsatsa, a sa sunanta, ƙotar kuma ta zama ja. Na ce, "Hajiya, jan na mene ne?" Ta ce, "Ɗana, ba ka san gidan biki ba. Wuƙa ƙafa gare ta. In ja ce, ko daga bakin zaure na hango ta a hannun wata." Wannan buƙata ce ta wadda ta san aikinta, na yi mata da jar roba mai tauri.

Maganar tsatsa ce na ce mata gaskiya. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma taurara shi na son zafin da ya haura digiri 1,000 a tsaye cak na wani lokaci. Wutar gawayi da zugazugi ba ta ba ka wannan iko. Tawa za ta yi duhu in ta sha albasa da tumatir da lemon tsami, in aka bar ta a jiƙe kuma ta yi ja. Na ce ta sayi ta kanti don kayan miya, ni in yi mata ta nama da kaji, ta riƙa goge ta ta shafa ɗan mai. Ta yarda. Da na ba ta kwalin sai ta karɓa da hagu. Ashe bahaguwa ce, ba ta faɗa ba don ba ta ɗauka magana ce ba. Na daidaita bakin ta ɓangare biyu, na rage kaurin ƙota don hannunta ƙarami ne.

Sunan ne ya ba ni kunya. Haruffa ana buga su tun ƙarfe na da laushi, ni kuwa sai da na taurara na tuna. Na ɗora harafin farko na buga, bakin abin bugun ya baje, wuƙar ko gezau, Allah ma ya taimake ni ba ta tsage ba. Sai na kai wa wani baduku a Kurmi ya ɗinka kube ya rubuta sunan a fata. Ina tsaye yana aiki nake tunanin wannan kasuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci, kuma har yau maƙeri bai daina buƙatar baduku ba. Baba ma yakan tuna mana labarin da ake bayarwa cewa sunan garin nan, Kano, na wani maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama a Dala. Su tama suka narka, mu sifirin tsohuwar mota muke bi.

Masu son ƙotar ƙaho ko ta kanya, ina karɓa amma da gargaɗi. Icen da aka sara da damina, in hunturu ya busa sai ya tsuke, ƙusa ta fito tana cizon hannu. Ƙaho ma yana tsagewa, ga santsi in ya sha kitse. Ban ga mahaucin kwata da ya nemi ƙaho ba, masu ajiyewa a falo ne ke nema.

Oda ɗaya Baba ya karɓe daga bakina. Wani yaro ne ya zo yana son mai baki biyu, siririya, da kuben da zai shige hannun riga. Baba ya ce, "Me za ka yanka, yaro?" Shiru. Ya ce, "Ba ma yi." Duk ɗan Kano ya san abin da faɗan daba ya ci a unguwanni. Tambayar da ta gyara min aikin Alhaji ita ce dai ta sallami wannan.

Kuɗi kuwa, yanzu rabi nake karɓa kafin alƙalami, in kuma sa mutum ya turo min buƙatarsa da murya ta WhatsApp. Wani ya taɓa cewa inci 8, da na gama ya rantse 10 ya ce. Ragewa mai sauƙi ce, amma ƙarfen da aka taurara ba ya ƙara tsawo don mai shi ya canja ra'ayi. Tana nan a rataye, wanda yake so ya yi magana.

Wuƙar Alhaji ta biyu yau sati uku tana hannunsa. Jiya bayan magariba yaronsa ya yi sallama da ƙunshi biyu. Ɗaya kilishi ne, ɗayan tsohuwar wuƙar ƙaninsa mai tsire, ba wasiƙa ba bayani. Tana kan teburina. Gajera ce, tsininta ya cinye fiye da cikinta, kuma akwai wani gurbi a bayan ƙotar daidai inda babban yatsa yake zama. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fara da kwali.